Jarumin fim ko jarumin yaƙi? Muhawara a kan James Stewart

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare da aka kawo wuta na zauna na kalli wani tsohon fim na Amurka, baƙi da fari, na shekarar 1946, sunansa It's a Wonderful Life. Akwai wani wuri da ya hana ni barci. Mutumin yana zaune shi kaɗai a mashaya, kuɗin kamfaninsu dala 8,000 sun ɓata, ga kurkuku yana jiransa. Sai ya dunƙule hannu ya kai bakinsa, hannun na karkarwa, ido ya ciko da ƙwalla, yana roƙon Ubangiji ya nuna masa hanya. Sau uku ina mayar da wurin baya. Na daɗe ina kallon finafinai, na san kukan da ake ɗiga wa ruwa a ido, wannan ba shi ba ne. Da na bincika sai na ga ashe ɗan wasan, James Stewart, dawowarsa ke nan daga yaƙin duniya na biyu, kuma wannan ne fim ɗinsa na farko bayan ya tuɓe kaki. Matuƙin jirgin yaƙi ne, sau 20 yana kai hari a kan ƙasashen da ke hannun Hitila. Mu a Hausa duk wanda ya ja fim mukan ce masa jarumi. To ga wanda ya haɗa sunan ta fuska biyu. Don Allah waɗanda suka san tarihinsa su ƙara mana haske.

Baba Mai Majigi: Wa alaikumus salam. Yaro, yau ka tuna mini da ƙuruciya. Mu ba ta wannan fim muka san shi ba, ta finafinan kaboyi muka san shi, lokacin da silima ba ta da rufi, kana kallo kana ganin taurari a sama. Dogo ne siriri kamar sandar rake, magana a hankali kamar mai in'ina. Ba mu jin Turanci sosai a lokacin, amma mun lura da abu ɗaya. Sauran kaboyi idan suka harbe mutum sai su hura bakin bindiga su mayar kube. Shi kuwa idan ya yi faɗa sai ka ga fuskarsa ta birkice, jikinsa na rawa, kamar wanda ya tsani abin da hannunsa ke yi. Mun ɗauka salon wasa ne kawai. Sai da na tsufa na ji labarin yaƙin.

Malamin Tarihi: Baba, Allah ya ƙara lafiya, abin da ka lura da shi masana fim ma sun yi ta rubutu a kai. Bari in ɗan jero tarihin.

An haife shi ranar 20 ga Mayu 1908 a wani ƙaramin gari mai suna Indiana a jihar Pennsylvania. Mahaifinsa shagon kayan gini yake da shi, ƙusa da fenti da kwaɗo da makamantansu. Gidan soja ne tun asali: kakanninsa sun yi yaƙin basasar Amurka, mahaifin ya yi yaƙi da Sifaniya a 1898, ya kuma koma a yaƙin duniya na farko. Shi James zanen gine-gine ya karanta a jami'ar Princeton, ya gama a 1932 daidai lokacin da tattalin arziki ya karye, babu mai gini balle mai neman mai zane. Haka ya faɗa wasan daɓe, daga nan kamfanin MGM ya ɗauke shi a 1935.

Abin lura shi ne lokacin da ya tafi soja. Ba wai kasuwarsa ta mutu ba ce ya nemi mafaka. A watan Fabrairu 1941 aka ba shi kyautar Oska ta gwarzon ɗan wasa, ya aika wa mahaifinsa da ita aka ajiye a tagar shago. A watan Maris, wata guda kacal bayan nan, ya shiga soja a matsayin kurtu, albashi dala 21 a wata. Kuma Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba tukuna, sai a Disamba bayan harin Japan a Pearl Harbor.

Autan Zaure: Malam, ni na ji an ce da farko ma ƙin ɗaukarsa aka yi?

Malamin Tarihi: Haka ne ƙanina. Rama ce ta kayar da shi. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 3, amma da ya hau sikeli nauyinsa bai kai abin da ake nema ga mai wannan tsawo ba, ya gaza da wajen kilo biyu. Wani da murna zai koma gida, tunda hukuma ce da kanta ta sallame shi. Shi kuwa ya koma ya yi ta ɗura abinci ya sake dawowa awo. Abin da ya taimake shi kuma shi ne tun kafin yaƙi yana da lasisin tuƙin jirgi, ya tara awanni sama da 400 a sama da kuɗin aljihunsa.

Abu Sumayya: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba zai yi daɗin ji ba. Tun ɗazu ana ta cewa jarumi, jarumi. Me jirgin nasa yake ɗauke da shi? Alewa? Bama-bamai ne, kuma a kan birane ake sakinsu. A ƙarƙashin jirgin akwai mata da jarirai da tsofaffi waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba. A Hamburg a watan Yuli 1943 mutum wajen 40,000 suka ƙone. A Dresden a 1945 wajen 25,000. Mu da muke ganin abin da jirgi ke yi wa ƙauye idan ya yi kuskure, bai kamata a ce mu ne masu tafa wa mai sakin bom daga sama ba. Jarumi a wurina shi ne wanda ya tsaya gaba da gaba da abokin karawarsa. Wanda ke can cikin gajimare bai ga fuskar wanda ya kashe ba.

Ɗan Fagge: Yaya Abu Sumayya, maganarka tana da nauyi, ban kuma yi tunaninta ba lokacin da na buɗe zancen. Amma Hitila fa? A bar shi ke nan?

Abu Sumayya: Ban ce a bar shi ba. Azzalumi ne, kowa ya sani, ya hallaka miliyoyin mutane. Abin da nake cewa, zaluncin Hitila bai mayar da jaririn da ke birnin Balin mai laifi ba.

Malamin Tarihi: Ina tare da kai a rabin maganar, Abu Sumayya, amma a gyara abu biyu. Na ɗaya, lokacin da aka ƙona Hamburg Stewart yana Amurka yana koyar da tuƙi, kuma mafi yawan wannan aikin sojan saman Ingila ne suka yi shi da dare. Tsarin Amurkawa shi ne su tafi da rana su nufi masana'antu da tashoshin jirgin ƙasa da matatun mai. Sai dai gaskiya ɗaya ce: daga nisan da suke saki, ga gajimare, ga hayaƙi, bama-bamai da yawa ba sa faɗawa inda aka nufa, gidajen mutane suke samu. Harin Stewart na farko a Disamba 1943 a kan Kiel ne, inda Jamus ke da sansanin jiragen ƙarƙashin ruwa, a Maris 1944 kuma ya jagoranci hari a kan Balin. Babu mai hankalin da zai ce ba a kashe farar hula a irin waɗannan ba.

Na biyu, batun cewa yana can sama cikin aminci. A nan ne ban yarda ba. Rundunar sama ta takwas da yake ciki ta rasa mutum wajen 26,000 a yaƙin. A rana ɗaya, 14 ga Oktoba 1943, an tura jirage 291 zuwa Schweinfurt, 60 ba su dawo ba, kowanne da mutum goma a ciki. Jirgin da yake tuƙawa, B-24, ba kamar na fasinja ba ne. Iska na shiga ta ko'ina, sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, idan ka cire safar hannu ka taɓa ƙarfe fatarka ta manne. Awa takwas ko fiye kana shaƙar iska ta takunkumi, kuma idan an doshi wurin sakin bom ba a yarda ka kauce ba, dole ka miƙe sak cikin wutar igwa, kana kallon jirgin abokinka da kuka karya kumallo tare yana tarwatsewa a gefenka.

Kuma shi ya nemi a kai shi. Manyansa sun fi son su ajiye shi a gida yana fitowa a finafinan jan hankalin matasa su shiga soja, don ba sa son a ce tauraron Holiwud ya mutu ko Jamusawa sun kama shi. Sai da ya yi ta roƙo kafin a tura shi Ingila a Nuwamba 1943, wani ƙauye da ake kira Tibenham.

Tsohon Saje: Ina karanta ku tun ɗazu ban so in sa baki ba. Ni na sa kaki shekara 22, na je Laberiya. Abu Sumayya, ɗan'uwana, ba zan yi maka musu ba, don abin da ka faɗa shi ne abin da ke hana irinmu barci. Amma ina so ku gane wani abu game da mai ba da umarni. Malam bai faɗa ba, mutumin nan kwamandan rukuni ne, daga baya kuma ya zama jami'in da ke tsara fita. Ma'ana shi ke tsayawa da asuba gaban allo ya ce ku da ku da ku, yau ku ne. Da yamma ya tsaya a bakin fili yana ƙirga jiragen da suka dawo. Wanda bai dawo ba, kwamanda ne ke zama ya rubuta wa uwarsa takarda. Ni yara tara kawai aka taɓa damƙa mini, biyu ba su dawo ba. Yau shekara talatin ke nan, har yanzu idan na ga saurayi mai wushirya gabana sai ya faɗi, don ɗaya daga cikinsu haka yake. Shi da ya riƙe ɗaruruwa fa? Kukan da Ɗan Fagge ya gani a fim, ni ban kalla ba amma na san daga inda ya fito.

Maman Hanif: Allah sarki Baba Saje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ka lada.

Ɗan Fagge: Amin. Baba Saje, shi ma da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ba a tsara kuka a wurin ba, yana cikin karanta addu'ar ne ya ji halin mutanen da ba su da inda za su dosa, hawaye suka zo da kansu. Darakta Frank Capra bai kawo kyamara kusa ba a lokacin, kuma ya san ba za a sake samun irinsa ba, sai ya sa aka yi ta ƙara girman hoton har fuskar ta cika allo. Shi ya sa wurin ya ɗan fi sauran fim ɗin dishi-dishi.

'Yar Wusasa: Sannunku da hira. Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa shi ne takardar mahaifinsa. Da zai tafi, tsohon ya kasa faɗin abin da ke ransa baki da baki, sai ya rubuta 'yar wasiƙa ya haɗa da Zabura ta 91 ya ba shi. Wannan ita ce Zaburar da ke cewa ba za ka ji tsoron firgitar dare ba, ko kibiyar da ke tashi da rana. Ya riƙe ta a jikinsa har aka gama yaƙin. Mu ma a gidanmu ita ake karanta wa duk mai tafiya mai nisa. Uba da ya san yaƙi da idonsa, ga ɗansa namiji tilo zai tafi, bai hana shi ba, bai kuma iya yi masa dogon bayani ba.

Baba Mai Majigi: 'Yata, iyaye duk ɗaya ne. Namu ma haka suke yi, a tofa addu'a a shafa maka a ka, a juya baya da sauri don kada ka ga idonsu.

Autan Zaure: Tambaya Malam. Na taɓa jin cewa jiragen yaƙin Turawa suna sauka a Kano a lokacin. Ko shi ma ya biyo ta nan?

Malamin Tarihi: A'a. Gaskiya ne Kano babban zango ce a lokacin, amma ga jiragen da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana a bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, zuwa Khartoum da Alƙahira. Rukunin su Stewart ta Brazil suka tsallaka teku zuwa Senegal, suka haura Maroko, sannan Ingila.

Maman Hanif: Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke cina. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Burma a wannan yaƙin dai. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, akasarinsu 'yan Najeriya da Gana, kuma Hausa ce harshen bariki. Sun yi yaƙi da Japanawa cikin dazuzzukan Arakan, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, kaya a ka, ga zazzaɓi ga matsattsaku. Na taso na same shi da rai. Ba ya cin shinkafa ko kaɗan, kuma idan aka yi tsawa da damina sai ya tashi ya shige ƙuryar ɗaki ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Mu yara muna dariya, kakarmu tana korarmu. Bai taɓa ba mu labarin ko kwana ɗaya na can ba. Akwai wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, a ciki akwai lambobi biyu da igiyarsu ta koɗe da wata takarda da ta ninku har ta yage. Ya yi ta zirga-zirgar neman haƙƙinsa har ƙafa ta gaza. Shi Stewart ya dawo da muƙamin kanar, ga lambobin yabo daga Amurka da Faransa, ga duniya ta san shi. Ba baƙin ciki nake masa ba wallahi, ya sha wuyarsa. Amma idan ana lissafin jaruman wannan yaƙi, ina so a tuna akwai waɗanda ko sunansu ba a rubuta daidai ba.

Tsohon Saje: Hajiya, wannan shirun na kakanki shi ne shaidar ya ga yaƙi. Mai yawan ba da labari a majalisa galibi a bayan fage ya tsaya.

Malamin Tarihi: Kuma a nan ne kakan Maman Hanif da Stewart suka yi kama, duk da nisan da ke tsakanin rabonsu. Da ya dawo Holiwud sai ya sa a rubuta cikin kwantiraginsa cewa ba a yarda a yi amfani da aikinsa na soja wajen tallata fim ba. Ku duba wannan da kyau. A lokacin babu abin da ke sayar da tikiti kamar a ce ga gwarzon yaƙi. Audie Murphy, wanda ya fi kusan kowane sojan Amurka tara lambobi, har fim ya yi a 1955 yana taka rawar kansa, ya kuma samu kasuwa sosai, ko da yake shi ma da bindiga a ƙarƙashin matashi yake kwana saboda mugayen mafarkai. John Wayne kuwa, wanda ya fi kowa fitowa a matsayin soja a allo, bai je yaƙin ba sam. Stewart da ya je, ya ƙi cin abinci da shi. Ko da ya yarda ya yi magana a wani shirin talabijin na Ingila kan tarihin yaƙin a shekarun 1970, abin da aka rubuta a ƙarƙashin sunansa kwamandan rukuni ne kawai, kuma bayanin aiki ya yi, bai yi zancen kansa ba.

Ana ma ruwaito cewa bayan dawowarsa ya yi tunanin barin fim gaba ɗaya, yana ganin wasa ba sana'ar mutumin kirki ba ce bayan abin da ya gani. Dattijon da suka yi wancan fim tare, Lionel Barrymore, shi ya tambaye shi ko sakar wa mutane bom ya fi faranta musu rai mutunci.

Abu Sumayya: To Malam, wannan ta ƙarshe ta ɗan sauko da ni, don ta nuna abin yana damunsa. Amma ina da sauran tambaya. In har ya ga munin yaƙi haka, me ya sa bai tsaya ya yi magana a kansa ba? Ya ci gaba da zama cikin sojan ko-ta-kwana har ya kai birgediya janar a 1959. A 1966 ya hau jirgin B-52 a matsayin ɗan kallo aka je aka yi ruwan bama-bamai a Biyetnam. Wannan fa ba Hitila ba ne, manoman shinkafa ne a ƙasarsu. Wanda ya ji zafin wuta ai shi ya kamata ya fara cewa a kashe ta.

Malamin Tarihi: Ba ni da abin kare shi a nan. Ya goyi bayan yaƙin Biyetnam, bai ɓoye ba. Kuma yaƙin ya shigo masa har cikin gida. Ya yi aure a makare, a 1949 yana da shekara 41, ya auri Gloria wadda ta zo da 'ya'ya maza biyu, ya riƙe su kamar shi ya haifa, daga baya suka samu tagwaye mata. Babban, Ronald, laftanar ne a sojan kundunbala na ruwa, aka kashe shi a Biyetnam a watan Yuni 1969 yana da shekara 24. Duk da haka bai sauya ra'ayi ba.

'Yar Wusasa: Wayyo. Shi mahaifinsa ya samu nasa ɗan ya dawo, shi kuwa bai samu ba.

Abu Sumayya: Na tausaya masa a matsayin uba, Allah ya sani. Amma ra'ayina a kan Biyetnam yana nan. Iyaye nawa ne a can suka binne 'ya'yansu?

Baba Mai Majigi: Ku bar shi a haka, 'ya'yana, kowa ya faɗi gaskiyarsa. Shi kansa babban amininsa Henry Fonda, wanda ya yi sojan ruwa a yaƙin, ra'ayinsu na siyasa hannun riga ne. Sun taɓa yin faɗa a kai sau ɗaya, daga nan suka yi alkawarin ba za su ƙara tayar da zancen ba, suka ci gaba da zama tare suna harhaɗa 'yan jiragen wasa na katako har tsufa. Ni abin da zan ƙara, ku nemi finafinan kaboyin da ya yi da darakta Anthony Mann daga 1950, ku fara da Winchester '73. Akwai inda ya murɗe hannun wani ya danna fuskarsa a kan kanta. Ku dubi idonsa a wurin, sannan ku koma ku dubi yaron nan mai murmushi na finafinan 1939. Za ku rantse ba mutum ɗaya ba ne.

Ɗan Fagge: Zan nema in sha Allah, Baba. Malam, yaushe ya rasu?

Malamin Tarihi: Ranar 2 ga Yuli 1997, yana da shekara 89. Matarsa ta riga shi da shekara uku, kuma tun daga rasuwarta ya daina fita sosai.

Tsohon Saje: Hajiya Maman Hanif, akwatin nan ta kakanki tana nan? In tana nan, takardar da kika ce ta yage wataƙila ta sallama ce, lambarsa ta soja da sunan bataliyarsa suna jiki. Kada a bari yara su yi wasa da ita. A sa ta cikin leda a ɗauki hotonta.

Maman Hanif: Tana wurin baffana a ƙauye, Baba Saje. Ban taɓa buɗe takardar na karanta ba, tsoron kada ta ƙarasa yagewa nake. Ranar Juma'a za mu je gaisuwa, zan roƙe shi ya fito mini da ita. In rubutun bai goge ba zan turo maka ka duba mana.